Morishus: tsibirin da ya ji tsoron cika da mutane, yanzu yana neman jarirai

Yaya aka yi ƙasar da masana suka ce za ta cika ta batse da jama'a shekara sittin da suka wuce, yau ita ce ke neman haihuwa ruwa a jallo? Tambayar ta taso da ƙarfi a watan Yunin 2025, lokacin da gwamnatin Firaminista Navin Ramgoolam ta Morishus ta gabatar da kasafin kuɗi, ta ce za ta ɗaga shekarun fara karɓar fanshon tsufa daga 60 zuwa 65 sannu a hankali. Jama'a suka fito zanga-zanga a Port Louis, babban birnin ƙasar. Hujjar gwamnati ita ce tsofaffi sun yi yawa, masu aiki da biyan haraji suna raguwa, baitulmali ba zai iya ɗauka ba.

Masu bibiyar labarin da yawa sun ɗauka wani abu ne ya auka wa ƙasar kwatsam, wasu suka ɗora wa annobar korona, wasu suka ɗora wa matasan yanzu da ba sa son aure. Kowanne yana da ɗan ƙamshin gaskiya, amma tushen maganar ya girmi waɗannan matasa, ya girmi iyayen wasunsu ma.

Morishus, wadda ake rubutawa Mauritius a taswira, 'ya'yanta kuma suke kira Moris da harshensu na Kiriyol, ƙasa ce ta Afirka a cikin tekun Indiya, gabas da Madagaska. Faɗinta gaba ɗaya bai wuce murabba'in kilomita 2,040 ba, mutanenta kuma miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da 'yan kai. Ƙanƙantarta da kyawun rajistar haihuwa da mutuwa da take da ita tun zamanin mulkin mallaka su suka sa masu nazarin yawan jama'a ke yawan kawo ta misali, domin abin da ke ɓoyuwa a babbar ƙasa, a nan yana fitowa fili.

Me ake nufi da rarar haihuwa?

Ƙofofi huɗu ne kawai yawan mutanen ƙasa ke sauyawa ta cikinsu: haihuwa, mutuwa, shigowar baƙi, da ficewar 'yan ƙasa. Idan aka ajiye maganar shige da fice a gefe, aka ɗauki jariran da aka haifa a shekara aka ɗebe waɗanda suka rasu, abin da ya rage shi ne ƙaruwar da al'umma ta yi daga cikinta. Shi za mu riƙa kira rarar haihuwa. Idan mamata suka fi jarirai yawa, ya zama giɓi.

Akwai wani ma'auni na daban da ake yawan cakuɗawa da wannan, wato yawan 'ya'yan da mace ɗaya ke haifa a tsawon rayuwarta idan aka yi raba-daidai tsakanin matan ƙasa. A inda yara ba sa yawan mutuwa, ana buƙatar kimanin 2.1 kafin kowace tsara ta mayar da gurbin kanta: biyu su tsaya a madadin uwa da uba, ɗan ɗigon da ke sama kuma ya cike gurbin waɗanda ba su kai shekarun haihuwa ba. Rarar haihuwa tana faɗa maka abin da ya faru bana. Yawan 'ya'yan mace ɗaya yana faɗa maka abin da zai faru bayan shekara talatin. Duk ruɗanin da ake yi game da Morishus, daga rashin bambance waɗannan biyun yake fitowa.

Tsibirin da jiragen ruwa suka cika

Babu wata ƙabila da za ta ce ita ce 'yar asalin tsibirin, domin fayau yake ba kowa lokacin da mutanen Holan suka kafa zango a 1638. Suka tashi a 1710, Faransawa suka karɓe a 1715, suka riƙa kawo bayi daga Madagaska da gaɓar gabashin Afirka don noman rake. Ingila ta ƙwace a 1810. Da aka soke bauta a 1835, masu gonakin rake suka juya zuwa Indiya, suka riƙa ɗauko leburorin kwantaragi. Kusan mutum rabin miliyan ne suka sauka a tsibirin ta wannan hanya, kuma matattarar da ake sauke su a Port Louis, wato Aapravasi Ghat, tana cikin wuraren tarihin da UNESCO ta amince da su tun 2006. Daga cikin waɗannan leburori da fataken Gujarat ne akasarin Musulmin ƙasar suka fito, waɗanda yau sun kai kusan mutum ɗaya cikin shida. Mabiya Hindu sun kusa rabi, Kirista kusan kashi ɗaya cikin uku.

Abin lura shi ne, duk tsawon wannan zamani jirgin ruwa ne ke ƙara yawan jama'a. Ana haihuwa sosai, amma kabari yana karɓar kusan adadin da ɗakin haihuwa ya bayar. Zazzaɓin cizon sauro ya ɓarke a 1866 zuwa 1867, ya kashe dubun-dubatar mutane, daga nan kuma ya samu wurin zama. A 1881 mutanen tsibirin sun kai kimanin 360,000. Bayan shekara sittin da uku, ƙidayar 1944 ta samu kimanin 419,000. Mace tana iya haihuwa shida ko bakwai, ta binne da yawa daga ciki kafin su yi wayo.

Da sauro ya sha kashi

Daga 1949 hukuma ta shiga feshin maganin DDT gida-gida a faɗin tsibirin. Ƙaramin wuri ne, teku ta kewaye shi, babu iyakar tudu da sauro ko mai ɗauke da cutar zai riƙa ƙetarowa kullum. Cikin 'yan shekaru zazzaɓin ya karye, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 1973 cewa ƙasar ta rabu da shi, ko da yake ya sake leƙowa bayan guguwar 1975 kafin a sake murƙushe shi. Ga kuma rigakafi, ga ruwan sha mai tsabta, ga sababbin magunguna bayan yaƙin duniya na biyu.

A tsakiyar shekarun 1940, cikin kowane mutum dubu kimanin 30 ke mutuwa a shekara. Zuwa farkon shekarun 1960 adadin ya sauko kusan 10. Haihuwa kuwa tana nan sama da 40 cikin dubu a galibin shekarun 1950, har ta ɗan ƙaru saboda iyaye mata sun samu lafiya. Tazarar da ta buɗe tsakanin biyun ta kai kusan kashi 3 cikin ɗari a shekara, kuma al'ummar da ke ƙaruwa haka tana ninkawa cikin shekara 23 ko 24. Ƙidayar 1952 ta samu mutum 501,000, ta 1962 ta samu 682,000.

Ya kamata a tsaya a nan a yi adalci ga iyayen wancan zamani, domin an daɗe ana magana kamar laifi suka yi. Halinsu bai sauya ba. 'Ya'yansu ne suka daina mutuwa, kuma wannan shi ne alheri mafi girma da ya taɓa samun tsibirin. Abin da ake kira fashewar yawan jama'a, a nan da sauran wurare, galibi sunan da ake ba wa raguwar mutuwar yara ne.

Hasashen masana, da abin da ya biyo baya

A 1961 rahotanni biyu suka fito waɗanda suka girgiza mahukunta. Ɗaya na tawagar James Meade, masanin tattalin arziki na Ingila wanda daga baya ya samu kyautar Nobel a 1977. Ɗayan na Richard Titmuss da Brian Abel-Smith, kan jin daɗin jama'a da yawansu. Ƙasar ta dogara kacokan kan rake, ƙasar noma ta ƙare, guguwar Carol ta 1960 ta rushe gidaje ba adadi, matasa suna ta fitowa babu aiki. Lissafin ya nuna idan haihuwa ta ci gaba a yadda take, mutanen tsibirin za su doshi miliyan uku zuwa farkon wannan ƙarni. Meade bai ɓoye fargabarsa ba cewa talauci da rikici ne ke jiran ƙasar.

Ana yawan cewa waɗannan masana sun yi kuskure. A ganina lissafinsu daidai ne, sai dai sharaɗin da suka gina shi a kai ne ya rushe, kuma gargaɗinsu na cikin abin da ya rushe shi. A 1963 mace ɗaya tana haihuwar 'ya'ya sama da shida. Zuwa 1972 adadin ya koma uku da ɗan wani abu. Raguwar kusan rabi cikin shekara tara, wadda ke cikin mafi sauri da aka taɓa rubutawa a duniya.

Abin da ya fi ba da mamaki shi ne lokacin da hakan ta faru. An saba jin cewa sai ƙasa ta yi arziki sannan haihuwa ke raguwa. Morishus ta samu 'yancin kai ranar 12 ga Maris 1968 ƙarƙashin Seewoosagur Ramgoolam, mahaifin firaministan yanzu, tana cikin fatara da rashin aikin yi. Dokar kafa yankin masana'antun fitar da kaya ta zo a 1970, amma masaƙun da suka ɗebi dubban mata aiki ba su bunƙasa sosai ba sai a shekarun 1980. Haihuwa ta riga arziki sauka.

To me ya kawo ta? Na farko, karatun 'ya'ya mata. Tun kafin 'yancin kai akasarin yara, har da mata, suna zuwa firamare, daga 1977 kuma sakandare ta zama kyauta. Yarinyar da a da za a aurar tana 15 ko 16 sai ta kai 20 ko fiye, kuma jinkirin aure shi kaɗai ya ɗauke kaso mai yawa na raguwar. Sai kuma tabbacin da iyaye suka samu cewa ɗan da suka haifa zai rayu. Uwar da ta ga 'ya'yan maƙwabta duka suna girma ba ta da dalilin haihuwar takwas don ta tsira da huɗu.

Sannan akwai hanyar da aka bi da addini, wadda na ga ta cancanci a daɗe a kanta. Ƙungiyar tsarin iyali ta farko ta fara aiki a ƙarshen shekarun 1950, kuma ta gamu da adawa mai zafi, musamman daga Cocin Katolika da ba ta yarda da ƙwayoyin hana ɗaukar ciki da makamantansu ba. Maimakon a yi ta ja-in-ja har abada, a 1963 aka kafa ƙungiyar Action Familiale da goyon bayan cocin, tana koya wa ma'aurata tazarar haihuwa ta hanyar lura da kwanakin al'adar mace. Gwamnati ta tallafa wa ɓangarorin biyu, kowane iyali ya zaɓi abin da ya dace da imaninsa, daga baya a 1972 aka shigar da aikin tsarin iyali cikin hidimar ma'aikatar lafiya. Ba a tilasta wa kowa ba, ba a yi dokar ƙayyade 'ya'ya ba, kuma haihuwa ta sauka a tsakanin Hindu da Kirista da Musulmi baki ɗaya. Ƙanƙantar tsibirin ta taimaka: babu ƙauyen da motar haya ba ta kaiwa, babu matar da asibiti ya yi wa nisan kwana.

Hatsin bara ake ci

Ga inda mutane suka fi ruɗewa. Tun tsakiyar shekarun 1980 yawan 'ya'yan mace ɗaya ya fara taɓa ƙasa da biyu. Ya ɗan farfaɗo a farkon shekarun 1990, sannan daga ƙarshen wannan goman ya sauka ƙasa da matakin mayar da gurbi bai sake hawa ba. Yanzu yana wajen 1.4. Duk da haka jama'a ta ci gaba da ƙaruwa shekara da shekaru. Ta yaya?

Dalili shi ne ɗimbin yaran da aka haifa a shekarun 1950 da 1960 sun girma sun zama iyaye. Ko da kowace mace biyu kawai ta haifa, matan suna da yawa, don haka jariran suna da yawa. Tsofaffi kuma kaɗan ne, saboda sun fito daga tsarar da zazzaɓi ya rage, don haka mutuwa kaɗan ce. A farkon shekarun 1990 ana haihuwar jarirai sama da 22,000 a shekara, mamata kuwa kusan 7,000. Wanda ya dubi wannan rara ta kusan 15,000 zai ce lafiya lau. Kamar magidanci ne da gonarsa ta daina bayarwa amma rumbunsa cike yake da hatsin bara: tuwo ba ya yankewa a gidan, sai ranar da aka kai gindin rumbu.

Lissafin mai sauƙi ne. Mata 100 masu haihuwar 1.4 za su bar 'ya'ya 140, kusan 70 mata. Waɗannan 70 ɗin, in suka bi sahun iyayensu, za su bar 'ya'ya mata ƙasa da 50. Daga kaka zuwa jika masu haihuwa sun koma rabi. A ɗaya gefen, waccan babbar tawaga ta shekarun 1950 da 1960 yanzu ta shiga shekara sittin da saba'in, lokacin da ajali ke yawaita.

Korona ce ta jawo giɓin?

A 2021 jariran da aka haifa ba su cika 13,000 ba, mamata kuma sun ɗan haura 13,000. A 2022 ma mutuwa ta fi haihuwa. Babu shakka annobar ta ƙara yawan mamata, musamman a ƙasar da kusan babba ɗaya cikin biyar ke fama da ciwon sukari, ga hawan jini da ciwon zuciya. Bayan ta lafa rarar ta ɗan dawo, amma siririya. Korona ta gaggauta ranar ne kawai. Layin haihuwa ya shekara talatin yana gangarowa, layin mutuwa yana hawa, kuma da annoba da babu, sai sun haɗu.

Ƙidayar 2022 ta tabbatar da haka: mutum kimanin miliyan 1.235, ƙasa kaɗan da abin da aka samu a 2011. A nan ƙofa ta huɗu ta shigo, domin 'yar rarar da aka samu tsakanin ƙidayoyin biyu, ficewar matasa zuwa Kanada, Ostareliya, Faransa da Ingila ta cinye ta. Kuma wanda ya fita yana ɗan shekara 25 ya tafi da 'ya'yan da zai haifa. Waɗanda suka kai 60 zuwa sama yanzu sun doshi mutum ɗaya cikin biyar, sun fi yara 'yan ƙasa da 15 yawa.

Rigimar fansho: kowa da hujjarsa

Tun shekarun 1950 Morishus ke biyan fanshon tsufa daga baitulmali, kuma an daɗe ana ba kowane ɗan ƙasa da ya kai 60, ko ya taɓa aikin albashi ko bai taɓa ba. Ga asibiti kyauta, ga motar haya kyauta ga tsofaffi da ɗalibai. Mutanen ƙasar suna alfahari da wannan, kuma sun cancanci yin alfaharin. Sai dai fanshon ya zama abin gasa a lokacin zaɓe: rufi (kuɗin ƙasar) 5,000 a wata a ƙarshen 2014, rufi 9,000 a ƙarshen 2019, rufi 15,000 a farkon 2025. Kuɗin yana hawa, masu karɓa suna ƙaruwa, suna kuma daɗewa a raye.

Gwamnati ta ce an tsara shekara 60 ne a zamanin da mutane ba sa daɗewa bayan ta, kuma ci gaba a haka bashi ne za a bar wa yaran da dama ba su da yawa. Ƙungiyoyin ƙwadago da 'yan adawa suka ce ba a faɗa wa jama'a wannan ba a yaƙin neman zaɓen Nuwamban 2024, wanda ƙawancen Ramgoolam ya lashe da kujeru 60 cikin 62 da ake zaɓa kai tsaye. Suka ƙara da hujjar da ta fi nauyi a wurina: shekara 60 ta ma'aikacin banki daban take da ta mai saran rake, ko masunci, ko matar da ta shekara talatin a kan keken ɗinki a masaƙa. Wanda jikinsa ya gaji da wuri shi ne kuma ya fi saurin mutuwa, don haka shi za a fi yanka wa. Lissafin gwamnati gaskiya ne, babu mai iya musa shi da alƙalami. Amma yawan tsofaffi bai faɗi wanda zai ɗauki nauyin ba, wannan zaɓi ne na siyasa, kuma a nan ne ya kamata a yi ta muhawara.

Talaka yana jin sauyin ta wasu fuskokin ma. Makarantun firamare suna rasa ɗalibai. 'Ya ɗaya tilo tana jinyar uwa da uba, wani lokaci har da kaka, alhali a da 'yan'uwa shida ne za su raba. Masu masaƙu, gine-gine, gidajen burodi da otal-otal sun koma ɗauko ma'aikata daga Bangaladash, Indiya, Nepal da Madagaska, dubun-dubatarsu. Tsibirin da leburorin kwantaragi suka gina ya sake komawa ga leburorin kwantaragi, kuma yadda za a riƙe su, ko za a bar su su zauna su yi iyali, tambaya ce da ƙasar ba ta gama amsawa ba.

Za a iya dawo da haihuwa?

An gwada. An ƙirƙiro tallafin wata-wata ga ƙananan yara, an ƙara hutun haihuwa zuwa mako 16. Waɗannan suna rage wa iyaye raɗaɗi, kuma ko don haka sun dace. Amma ƙasashen da suka fi Morishus kuɗi nesa ba kusa ba, irin su Singafo da Koriya ta Kudu, sun zuba maƙudan kuɗi a wannan hanya ba su ga sauyin kirki ba. Tsadar gida, kuɗin darasin bayan makaranta da kusan kowane iyali ke biya, da wahalar haɗa aiki da raino, ba abubuwa ne da alawus ke sharewa ba.

Ko a cikin ƙasar hoton ba iri ɗaya ba ne. Tsibirin Rodrigues, mai nisan kusan kilomita 600 gabas da babban tsibirin, mai mutane dubu arba'in da 'yan kai, har yanzu haihuwarsa ta fi mutuwa kuma jama'arsa sun fi ƙuruciya. Komoros da ke cikin tekun guda, mace tana haihuwar kusan huɗu. Nijar kuwa, inda adadin ya kai kusan shida ko fiye, tana kusa da inda Morishus take a 1963, ko da yake faɗin ƙasa da yanayin rayuwa sun sha bamban ƙwarai.

Ko da a ce gobe kowace mace a Morishus ta yanke shawarar haihuwar uku, jaririn ba zai fara biyan haraji ba sai bayan shekara ashirin, kuma tsofaffin yau ba za su jira shi ba. Matan da za su haihu a 2050 an riga an haifi akasarinsu, suna firamare ko suna goye, kuma kimanin 6,000 ne a kowace shekara, kusan rabin 'ya'ya matan da aka haifa a 1992.